Gonakin Talla a Duniyar Kwaikwayo

A watan Fabrairu na shekara ta 2008, kamfanin Linden Lab na birnin San Faransisko a ƙasar Amurka ya fitar da sanarwa a kan wani rikicin fili da ya daɗe yana ci wa jama'arsa tuwo a ƙwarya. Filin da ake rikici a kansa yana cikin na'urori ne, a wata duniyar kwaikwayo mai suna Second Life wadda kamfanin ya buɗe a shekara ta 2003, inda mutum yake shiga ta kwamfuta da mutum-mutumin da ya zaɓa wa kansa, ya yi yawo, ya yi hira, ya gina gida, ya buɗe shago. Ruwan sama bai taɓa jiƙa wannan ƙasa ba, amma da kuɗi na gaskiya ake sayenta, kuma haushin da maƙwabta suke ji na gaskiya ne. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne allunan talla.

Kafin a fahimci wannan rigima sai an koma baya da shekara talatin, domin gardamar wane talla ne mai sallama, wane ne mai kutse, ta girmi intanet ɗin da aka sani a yau. Ranar 3 ga Mayu 1978, wani jami'in ciniki na kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya aika saƙo guda ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka take ɗaukar nauyinta domin jami'o'i da cibiyoyin bincike. Gayyata ce zuwa kallon sabuwar na'ura. Waɗanda saƙon ya iske sun fusata, hukumar soja mai kula da hanyar ta tsawata, aka yi alkawarin ba za a sake ba. A wancan zamani dokar a fili take: hanyar ta gwamnati ce, ciniki ba shi da wuri a cikinta. Da gwamnati ta fara janye hannunta a farkon shekarun 1990, sai dokar ta tafi tare da ita, ba a kuwa tanadi wadda za ta maye gurbinta ba.

Waɗanda suka fara gwada wannan sarari su ne wasu lauyoyi biyu, miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel na jihar Arizona. Ranar 12 ga Afrilu 1994 suka watsa talla guda a zaurukan muhawara na Usenet fiye da 5000, daga na masu kimiyya har na masu kiwon kifi, suna neman a biya su domin su shigar da mutum cacar takardar zama a Amurka, cacar da kowa yake iya shiga da kansa ba tare da ya biya ko tamma ba. Wasiƙun zagi da suka kwararo sun durƙusar da na'urorin kamfanin da yake ba su layi, har ya kore su. Ba su nuna nadama ba; littafi ma suka rubuta suna koya wa wasu dabarar. Abin da ya sa mutane suka ji zafin al'amarin har da lissafin aljihu. Mai talla a jarida shi yake biyan takarda da tawada, mai karatu ya ga dama ya juya shafi. A intanet kuwa aika saƙo dubu da aika guda kusan duk ɗaya ne ga mai aikawa, nauyin yana kan mai karɓa, wanda a lokacin yake biyan layin waya minti-minti. Wanda yake sayen kuɗin intanet a salularsa a yau, ya ga bidiyon talla ya cinye masa rabi kafin ya kai ga labarin da yake nema, yana cikin wannan lissafi har yanzu.

A cikin wannan shekara dai, a watan Oktoba, mujallar HotWired ta liƙa allunan talla na farko a saman shafukanta, ciki har da na kamfanin waya na AT&T. An ce kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka ga wannan allo sun latsa shi. Sabon abu ne, kowa yana son ya leƙa. Cikin ƴan shekaru ido ya saba, adadin ya faɗo ƙasa da ɗaya cikin ɗari, masu talla kuma suka yi abin da mai shela yake yi idan kasuwa ta cika da hayaniya: suka ɗaga murya. Alluna suka fara walƙiya, suka fara motsi da kiɗa. A ƙarshen shekarun 1990 wani ma'aikacin kamfanin Tripod, Ethan Zuckerman, ya rubuta ƴar dabarar da take buɗe talla a wata taga dabam wadda take faɗo wa mutum a fuska. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne wani kamfanin motoci ya yi ƙorafi da ya ga allonsa a kan shafin batsa, sai aka nemi hanyar raba talla da shafi. Maganin ya fi cutar yaɗuwa. A shekara ta 2014 Zuckerman ya nemi gafarar jama'a a rubuce a mujallar The Atlantic, amma tun 2004 kamfanin Microsoft ya riga ya sa wa manhajarsa ta buɗe shafuka abin toshe irin waɗannan tagogi, bayan wasu sun riga shi.

Duk wannan takura, komai muninta, tana da haja a bayanta: akwai abin da ake son a saya. A Second Life ne aka ga takurar da ita kanta ce hajar.

Tsarin ƙasar ne ya ba da ƙofa. An rarraba ta yanki-yanki, kowane yanki mita 256 a tsaye, 256 a kwance. Akwai tsibirai na masu zaman kansu, inda mai tsibiri yake kafa sharuɗɗan gini ga masu haya, akwai kuma babbar ƙasa wadda Linden Lab yake gwanjonta, inda kusan babu wani sharaɗi: wanda ya sayi fili ya gina abin da ya ga dama. Ana ciniki da kuɗin gida mai suna dalar Linden, wadda ake canzawa a kan kusan 250 zuwa 270 a dalar Amurka guda (kada mai karatu ya haɗa ko ɗayansu da dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar). Mai fili yana da ikon yayyanka filinsa, kuma mafi ƙanƙantar yanka shi ne mita huɗu a kan huɗu, wato murabba'in mita 16. Filin da sabon shiga ya saba mallaka, mai murabba'in mita 512, yana ba da irin wannan yanka har 32. Mita huɗu ba ta isa ɗaki ba, amma ta isa a kafa ginshiƙi, kuma sama ba ta da shinge.

Sai wasu suka gano sana'a. Mutum ya sayi ƴan guntayen nan a tsakiyar unguwa, a bakin ruwa ko a gefen hanya, daidai inda wani ya ɓata makonni yana gyara lambunsa, ya kafa allo mai tsawon bene yana juyawa dare da rana da launi mai kashe ido. Sa'an nan ya sa guntun a kasuwa da farashin da ya ninka na unguwar sau da yawa. Ba ya jiran baƙo ya saya. Maƙwabcin da aka tsare wa gani shi ne mai sayen, kuma abin da yake saye shi ne a kawar da allon. Mazauna suka raɗa wa irin waɗannan wurare suna gonakin talla. Mafi shahara a cikinsu sun bayyana tun ƙarshen 2005: manyan alluna masu kira a tsige shugaba George Bush, waɗanda wani mazauni guda ya baza a yankuna da yawa. Ko da gaske siyasa ce ta dame shi ko kuwa aljihu, an yi ta gardama. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne filayen da ke ƙarƙashin allunan na sayarwa ne, da tsada. Dabarar tana da wayo, domin duk wanda ya nemi a cire allon sai a ce yana son toshe bakin mai ra'ayi, kuma a Amurka wannan zargi ba ƙarami ba ne. Linden Lab ya ƙi sa hannu. Hujjarsa ita ce mai fili yana da ƴancin filinsa, kamfani kuma ba alƙalin kyau da muni ba ne.

Mazauna suka yi ta kansu. Wasu suka kewaye allunan da dogayen bango ko itatuwa, wanda sau da yawa ya ƙara wa unguwar muni. Wasu suka haɗa kuɗi suna sayen guntayen da suka faɗi, suna haɗe su, suna dasa bishiya a kai. Wasu suka biya, kuma kowane biya ya zama jarin sabuwar gona. Da yawa suka tattara nasu ya nasu suka koma tsibirai masu sharaɗi.

A daidai wannan lokaci ne manyan kamfanonin duniya suka yi tururuwa zuwa Second Life da irin tallan da babu mai ƙorafi a kansa. A shekara ta 2006 American Apparel ya buɗe shagon tufafi, Adidas da Toyota da Dell da IBM suka kafa wurarensu, Nissan ya girke wata ƙatuwar na'ura mai ba da motar kwaikwayo kyauta, kamfanin dillancin labarai na Reuters har wakili ya ajiye. Waɗannan sun sayi tsibiransu, sun yi gini mai kyau, sun zauna suna jiran baƙi, ba su tsare wa kowa hanya ba. Baƙin ne ba su zo ba. A shekara ta 2007 mujallar Wired ta buga dogon rahoto a kan yadda ake zuba miliyoyi a wuraren da ba kowa, American Apparel ya rufe shagonsa a wannan shekara, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Mai ladabi ya yi asara, mai kutse yana cin riba, kuma wannan ya isa ya nuna cewa kunya kaɗai ba za ta gyara kasuwar ba.

Sanarwar Fabrairu 2008 ta ce daga ranar, duk wanda ya yi amfani da talla da gangan domin ɓata wa maƙwabci gani, da nufin tilasta masa sayen fili a farashin da ya wuce hankali, za a ɗauke shi mai cin zarafi. Masu gonakin suka cire alamar sayarwa, suka bar allunan, suna jiran maƙwabci ya zo neman sulhu a ɓoye. Sai a ƙarshen shekarar kamfanin ya yi abin da ya shekara uku yana cewa ba aikinsa ba ne, ya zayyana siffar tallan da ya yarda da shi: ya tsaya a ƙasa, kada ya wuce mita 8 a tsawo, kada ya juya, kada ya yi walƙiya ko ƙara, kada ya cusa wa mai wucewa saƙon da bai nema ba, kuma a ƙayyade yawan allunan da mutum guda zai kafa. Daga baya aka hana yayyanka fili ƙanana domin sayarwa. Yana da wuya a yarda cewa tausayin masu lambu kaɗai ne ya kawo wannan sauyi. Linden Lab yana cin abinci ne daga gwanjon sabuwar ƙasa da kuɗin wata da masu fili suke biya, kuma ƙasar da mutane suke gudu daga cikinta ba ta yin daraja a gwanjo. Kukan mazauna ya shekara uku; an ji shi ne ranar da ya zama asarar mai ƙasa.

Sharuɗɗan nan sun yi kama ƙwarai da waɗanda suka bayyana a fagen intanet baki ɗaya bayan shekara uku, sai dai a can wani ne dabam ya riƙe ƙofa. Tun 2002 wani ɗalibi ɗan Danmak, Henrik Aasted Sørensen, ya rubuta manhajar toshe talla mai suna Adblock, a 2006 kuma Wladimir Palant ya ɗauki reshenta mai suna Adblock Plus ya bunƙasa shi har miliyoyin mutane suka ɗora shi. A ƙarshen 2011 kamfanin Eyeo na birnin Kolon a Jamus, wanda ya mallaki manhajar, ya fito da tsarin talla karɓaɓɓe: wanda ba ya motsi, ba ya katse karatu, an rubuta a jikinsa cewa talla ne, bai kuma cinye shafi ba, za a bar shi ya wuce. Ƙananan shafuka suna shiga jerin kyauta. Manya kuwa suna biyan kashi 30 cikin ɗari na ƙarin kuɗin da suka samu ta wannan ƙofa, kuma a 2015 jaridar Financial Times ta ba da labarin cewa Google da Microsoft da Amazon suna cikin masu biya. Masu jaridu a Jamus suka kira wannan kuɗin fansa. Kamfanin Axel Springer, mai jaridar Bild, ya kai ƙara, a watan Afrilu 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa toshe talla bai saɓa wa dokar gasar kasuwa ba. Masu jaridar suna da tasu gaskiyar, domin da kuɗin talla ake biyan ɗan jarida, kuma wanda ya toshe duka ya hukunta mai sallama tare da mai kutse. Amma su ma sun daɗe suna ɗora wa shafukansu kayan da suka kori masu karatu zuwa ga manhajar.

Google, wanda ya fi kowa cin kuɗin talla a intanet, bai tsaya yana biyan wani mai gadi ba. Daga 15 ga Fabrairu 2018 manhajarsa ta Chrome ta fara tace tallace-tallace a shafukan da suka saɓa wa ƙa'idojin wata haɗakar kamfanoni wadda shi kansa yake cikinta: tagogi masu faɗowa, bidiyo mai tashi da sauti ba a taɓa shi ba, allon da yake rufe shafi yana ƙirga daƙiƙoƙi. Mai sayar da talla ya zama mai tantance talla. A wani gefen kuma, tun 2015 dandalinsa na YouTube ya fara sayar da kallo marar talla a kan kuɗin wata. Ba daidai yake da gonar talla ba, tun da akwai bidiyo na gaskiya a bayan allon, akwai kuma masu yin sa da ake ba kaso. Amma a nan ma an sa wa rashin takura farashi. A ƙarshen 2023 YouTube ya fara tsayar da bidiyo ga masu amfani da manhajar toshe talla a ƙasashe da yawa, yana nuna musu sanarwa mai zaɓi biyu: su cire manhajar, ko su biya.