Ƙasar Kuza Bayan Tafiyar Kamfanoni

Tun kafin Nasara su san hanyar tsaunukan Jos, mutanen Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna narka kuza su fitar da dalma siririya, fatake su kai ta kasuwanni. Amma haƙar tasu ba ta wuce bakin rafi da ƙwarya ba. Al'amarin ya sauya ne a farkon ƙarni na 20, sa'ad da Kamfanin Neja ya turo ma'aikatansa, wasu kamfanoni suka biyo sawu, har Bukuru da Barikin Ladi suka bunƙasa. Da Malaya ta faɗa hannun Japan a 1942 kuwa, aka rasa kuzar can, hukuma ta ɗebo talakawa daga lardunan Arewa bisa tilas don haƙar kuza, sanyi da yunwa suka hallaka da dama daga cikinsu.

Illar da ta fi daɗewa ita ce wadda ta sami ƙasar kanta. Kasancewar kuza tana kwance ne a tsofaffin hanyoyin ruwa da suka binne, ba a isa gare ta sai an yaye abin da ke bisanta, saboda haka injuna suka juya ƙasar Birom ciki waje: baƙar ƙasar sama, wadda ke riƙe da ruɓaɓɓen ganye da albarkar shekaru aru-aru, ta koma ƙarƙashi, jan yumɓu da tsakuwa suka hau kai. Irin wannan ƙasa tsami gare ta, ba ta da abincin da saiwa ke nema, ruwan damina ya daddaɓe ta ya zaizaye, hunturu ya ƙeƙasar da ita, ko acca mai haƙuri ba ta yi a cikinta.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyaran wuraren da aka haƙa, aka baje tuddai, aka dasa itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne. Haƙiƙa ya kama, ya yi tsawo inda wani ice ba zai rayu ba, ya ba jama'a itacen girki da dirkokin gini. Sai dai masu binciken da suka auna ƙasar a shekarun 1980 sun tarar ba ta farfaɗo ba, tsaminta ma ƙaruwa ya yi, domin ganyen turare ba ya saurin ruɓewa, abin da itacen ya tsotsa kuma yana barin wurin ranar da aka sare shi. Manomin da ya san gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya taka gona, da an shawarce shi da ya faɗi haka tun farko. Amma wa ya tambaye shi?

Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, ma'aikata da yawa suka koma noman rani a gefen ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika. Suka riƙa sayen tokar juji daga cikin Jos, mota-mota, suna haɗawa da kashin shanu da ɗan takin zamani; tokar ta kashe tsamin, takin ya mayar da abin da aka binne, har kabeji da karas da latas da tumatir suka fita daga nan zuwa kasuwannin Kudu. Juji na yau, sai dai, cike yake da leda da matattun batura, kuma duk ana ƙone su tare.