Yauri: Inda Hanyar Ruwa Ta Haɗu Da Ta Fatake

A makaranta an karantar da mu cewa Yauri tana cikin Banza Bakwai, daga nan sai malam ya wuce. To amma wannan ƙasa ta fi ƙarfin layi ɗaya a littafi.

Abin da ya ɗaukaka Yauri shi ne kogin Kwara. Fataken da ke ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano sukan ƙetare kogin a wannan yanki, su kuma masu kwalekwale suna gangarowa da kaya daga arewa zuwa ƙasar Nufe. Duk inda hanyoyi biyu suka gamu, kasuwa kan tsaya, harsuna su cakuɗa.

Kafin Hausa ta mamaye kasuwa da fada, akwai masu ƙasa. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, su ne mazauna tsibirai, gwanayen su da noman albasa, kuma sunan nasu daga "gungu" ya fito, wato tsibiri. A tudu, wajen Ngaski, akwai Kambari manoma. Shangawa kuwa harshensu ɗan'uwan na Busawa ne, daga dangin harsunan Mande. Ka ga ke nan mutanen gabas da na yamma a gaɓa ɗaya.

Turawa ma ta nan suka bi. Mungo Park ya ratsa Yauri kafin ya halaka a Busa a 1806, sannan Richard Lander da ƙanensa John suka zo gaban Sarkin Yauri a 1830 suna cigiyar takardunsa. A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da gadon sarauta Yelwa.

Babban sauyi ya zo a 1968, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka kwashe dubban mutane zuwa sabbin matsugunai. Gungawan da aka raba da gungunsu sai suka ƙara saje da Hausawa, har yara da yawa suka taso ba su jin harshen kakanninsu.

Dattawan da suka ga tsibiran nan da idonsu sun haura shekara sittin yanzu. Wanda ke da irinsu a gida, ya zauna da su ya rubuta sunayen garuruwan da ke ƙarƙashin ruwa tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.