Guzurin wajen aiki a Khartum da Omdurman: daga “amud” zuwa bento

A Sudan ba da sassafe ake karya kumallo ba. Ma'aikaci kan fita da shayi kawai a cikinsa, sai wajen ƙarfe 10 zuwa 11 na hantsi a ci “fatur”. A al'ada abokan aiki kan haɗa kuɗi su sayo ful da burodi, su ci a kwano ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe kasuwanni da gidajen abinci da dama, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kuma a watan Mayun 2025 cutar kwalara ta addabi jihar Khartum. Don haka fita da abincin gida ya zama batun aljihu da na lafiya.

Mene ne amud da bento?

Amud kwanukan ƙarfe ne masu hawa-hawa da ake ɗaurewa da mariƙi ɗaya. Da shi aka saba kai abinci asibiti ko wajen aiki. Bento kuwa akwatin abinci ne na mutanen Japan, na mutum ɗaya, mai ɗakuna a ciki. Wata ƙa'ida da ake koyarwa a can ita ce 3:1:2, wato kashi uku shinkafa, kashi ɗaya nama ko kifi ko ƙwai, kashi biyu ganye da kayan lambu. Hikimarsu ɗaya ce: mai ruwa kada ya haɗu da busasshe.

Abin da ake zubawa

Kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa mai tsami, a naɗe ta ita kaɗai, miya kuma a wani kwanon, in ba haka ba ta jiƙe ta lalace. Ta'amiya, ƴar'uwar ƙosai, tana jure tafiya, haka ma dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba. Ful a bar man riɗinsa a ƙaramar kwalba sai an zo ci. Agashe, gasasshen nama mai ƙuli da yaji da Hausawan Sudan suka shahara da shi, ya dace da gurbin nama. “Dakwa” a Sudan niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da ake kwaɓa tumatir da albasa da ita, ba dakuwar da aka sani a Kano ko Maraɗi ba. A tafi da ita daban, a kwaɓa lokacin ci.

Hattara da zafi

A watannin Afrilu zuwa Yuni zafin Khartum kan wuce digiri 40. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba zafi. Mafita biyu ce: ko a zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi, ko a shanya shi ya huce da sauri kamar yadda ake yi wa shinkafar bento, a rufe, a haɗa da gorar ƙanƙara. Rufe abinci da tururinsa a roba kan tara ruwa a murfi, ya sa shi saurin tsami. Shinkafar jiya da ta kwana ba firji, kada a tafi da ita. A wanke hannu da sabulu kafin zubawa da kafin ci, kayan lambu kuma da tafasasshen ruwa da ya huce.