Mudun Awon Na'urorin Dara na Da

A shekarar 1977 kamfanin Fidelity Electronics da ke birnin Chicago na Amurka ya fito da Chess Challenger, ɗaya daga cikin na'urorin farko da aka sayar wa jama'a waɗanda ba su da wani aiki sai buga darar Turawa, wato ces. Ba a jima ba Novag ta ɓullo daga Hong Kong, Mephisto kuma daga birnin Munich na Jamus. Tambayar mai saye ɗaya ce: ina iyakar ƙarfin wannan na'ura? A ganina, faɗi-tashin da aka sha wajen amsa ta ya fi na'urorin kansu ɗaukar darasi.

Mudun da aka aro shi ne tsarin maki na Arpad Elo, wanda hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970. A tsarin, wanda ya ɗara abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kimanin kashi 76 cikin 100 na sakamakon wasanninsu. Ke nan makin ɗan wasa bai da ma'ana sai an san waɗanda ya kara da su.

Hanyoyi uku aka bi. A Amurka, hukumar wasan ta ƙasa ta riƙa haɗa na'ura da mutane. Ta haka Fidelity Mach III ta sami maki 2265, kamfanin kuwa ya mayar da lambar abin talla. Sai dai mutum yakan gane lagon na'ura: ya toshe fili, ya guji musayar 'ya'ya, ya ƙulla dabarar da ta wuce nisan hangenta. Wanda ya saba da ita da baƙonta ba za su ba ta maki ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce jarrabawa, irin ta Bratko da Kopec ta 1982, mai matsaloli 24. Tana da sauri, amma warware matsalar da aka ajiye maka daban ne da kai wasa ƙarshensa, kuma mai tsara manhaja yana iya horar da ita kan tambayoyin.

Ta uku ta fito daga Suwidin. Daga 1984 ƙungiyar SSDF ta riƙa wallafa jerin makin da ta samo daga kara na'ura da na'ura, bugu 40 cikin awa biyu kamar a gasa. Wannan jeri ya fi sauran adalci wajen faɗin wadda ta fi wata, kuma ya ba Mach III maki ƙasa sosai da na Amurka. Duk da haka, na'urori suna auna junansu ne kawai. A shekarar 2000 sai da ƙungiyar ta zabge maki 100 daga jerin baki ɗaya don ya dace da sakamakon karawa da mutane.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma kowace kasuwa da mudunta. Shi ya sa nake ganin bai kamata marubucin tarihi ya kwafi lambar da ke jikin kwali ba sai ya binciki wanda ya auna, da abokan karawar, da lokacin da aka ba kowane bugu. In ya tsallake waɗannan, abin da ya adana wa na baya talla ce, ko da ya kira ta tarihi.