Tarihin Wayar da Ke Ɗauke da Saƙo da Wuta Tare



Kwanakin baya muna zaune a wani shagon kwamfuta a Wurno, inda muke buga rubuce-rubucenmu, sai wani ɗan uwa ya ɗauko kebul zai jona laftof ɗinsa da akwatin raba intanet, wato suwic. Mai shago ya yi wuf ya riƙe hannunsa, ya ce akwai wuta a ramin, daga nan kyamarorin tsaronsa ke sha. Gardama ta kaure: za ta ƙone ko ba za ta ƙone ba? Amsar tana cikin tarihi.

Tura wuta da saƙo ta waya ɗaya ba sabon abu ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin tarho suka fara ajiye manyan batura a ofisoshinsu, suna aika wuta ta wayar da ke ɗauke da murya. Iyayenmu da suka riski wayar girke ta NITEL sun san ko NEPA ta ɗauke wuta tarho yana aiki, domin volt 48 ɗinsa daga ofishin waya yake zuwa.

Ethernet kuwa, wato tsarin haɗa kwamfutoci da kebul, Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Xerox na Amurka a 1973, kuma saƙo kaɗai yake ɗauka. Sai a 2000 kamfanin Cisco ya fara tura wuta ta cikinsa don wayoyin ofis masu aiki da intanet. Nan matsala ta taso: ramin iri ɗaya ne, ga na'ura mai jiran wuta, ga wadda wutar za ta yi wa illa.

A 2003 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.3af, wadda aka fi sani da PoE. Ta wajabta wa suwic ya yi sallama kafin ya shiga. Zai fara aika 'yar wuta da ba ta wuce volt 10 ba, yana neman wata alama ta tirjiyar wuta, kimanin ohm dubu 25, da ake sa wa kyamara ko wayar ofis. In ya same ta, ya saki volt 44 zuwa 57. In bai samu ba, saƙo kawai zai ba da. Ƙarfin ya fara da wat 15.4, ya kai 30 a 2009, sannan 90 a 2018, amma sallamar tana nan.

Haɗarin yana ga wani nau'in da ake rubuta wa "Passive PoE". Shi ba ya tambaya, wuta yake zubawa, galibi volt 24, ga duk abin da aka jona. Da yawa daga na'urorin janyo intanet da ake kafawa kan dogon ƙarfe da shi suke aiki, kuma yana iya ƙone ramin laftof ko firinta.

A Rabah da Goronyo da nan Wurno, inda sola da batir ke riƙe shaguna, tsarin yana da amfani: inbata ɗaya ta ciyar da kyamara mai nisan mita 100. Sai dai kafin mu jona komai, mu karanta jikin akwatin. In mun ga 802.3af, at ko bt, babu fargaba. In "Passive" ne, mu tsaya a ramin da aka rubuta LAN, mu kauce wa na PoE.

Da muka juya suwic ɗin mai shagon, 802.3af muka gani. Aka jona laftof, ta yi aiki lafiya lau, muka tura labarinmu.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.