Bulok

bulok (suna, namiji). Gangar jikin injin mota, zubi guda na baƙin ƙarfe ko alminiyom, mai ramukan silinda da fistin ke kai da komo a ciki, da hanyoyin ruwa da mai.

bulok mai V: wanda silindoginsa suka rabu layi biyu, suka haɗu a gindi kamar harafin V. Kamfanin Ford ya yaɗa V8 mai bulok zubi ɗaya a 1932. Makanikai kan gane iri ta lambar da aka buga a jikinsa. Maganaɗisu kuwa yana kama na ƙarfe, ba ya kama na alminiyom. Land Cruiser mai V8 na lita 4.7 bulok ɗin ƙarfe gare shi.

yasar bulok: faɗaɗa ramin silinda, galibi da milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin mai kauri. Masu tsere kan yasa don ƙarin ƙarfi. Amma galibi lalacewa ce kan sa. In an zarce, bango ya yi siriri, inji ya riƙa zafi.

*Direban Gabi ya kai bulok Maraɗi a yasa, aka ce ya tsage, sai dai ya nemo wani a Ƙofar Ruwa ta Kano.*