Ƙashin Ƙugu: Daga Ramukan Hadar zuwa Ɗakin Haihuwa na Zariya

Naƙudar da ta wuni, ta kwana, ta sake wuni, ta fi ƙarfin ungozoma. A ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Tsaba, a ƙasar Zurmi, abin da ya rage a irin wannan hali shi ne neman motar da za ta kai mace Zurmi, ko Ƙauran Namoda, ko Gusau, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka sa direbobi ke gudun bi da dare. A tsawon wannan jira, kan jariri yana nan a cije a ƙashin ƙugun uwa, yana danne mafitsara har jini ya daina kaiwa ga naman wurin. Idan uwar ta rayu, bayan 'yan kwanaki naman ya ruɓe ya bar ƙofa. Wannan ita ce hanyar da mafi yawan yoyon fitsari ke samuwa.

Me ya sa ƙofar da ɗan Adam ke fitowa ta cikinta ta matse haka? Rukuni biyu na masana sun daɗe a kan tambayar. Na farko masu tonon ƙasusuwan halittun dā ne a gabashin Afirka. Na biyu likitoci ne, kuma wanda ya fi barin tarihi a cikinsu a ƙasar Hausa ya yi aikinsa ne a Zariya.

Ciwon dai ba na jiya ba ne. A 1935 wani malamin ilimin sassan jiki a Alƙahira, Farfesa Derry, ya wallafa abin da ya gani a busasshiyar gawar Henhenit, ɗaya daga cikin matan Fir'auna Mentuhotep na Biyu, wadda ta rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Ƙugunta matsattse ne, kuma akwai yaga tsakanin mafitsararta da hanyar haihuwa. Matar sarkin Masar ce, amma abin da ya same ta shi ne abin da ke samun 'yar manomi a Shinkafi.

Bayanin da ya fi yin tasiri ya fito ne a 1960 daga bakin wani masani Ba'amurke, Sherwood Washburn. A ganinsa jikin mace yana tsaka mai wuya. Tafiya a tsaye da ƙafa biyu tana son ƙugu gajere mai tattaruwa, babbar ƙwaƙwalwa kuwa tana son ƙofa mai faɗi. Da buƙatun biyu suka yi karo, sai aka raba rigima: jariri ya fito tun bai gama ƙwari ba, uwa kuma ta sha wuya. Shekara 14 bayan haka, a watan Nuwamban 1974, Donald Johanson ya tsinci ƙasusuwan wata halitta a Hadar ta ƙasar Habasha, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu miliyan 3.2. Turawa suka sa mata suna Lucy, Habashawa suka ce Dinkinesh. Tsawonta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ƙwaƙwalwarta kusan ta biri ce, amma da Owen Lovejoy ya harhaɗa gutsattsarin ƙugunta, sai ya fito kamar akushi, irin na mai tafiya a tsaye, ba dogon faranti irin na biri ba. Mai karatu yana iya riƙe nasa ra'ayin game da asalin ɗan Adam da matsayin wannan halitta. Ƙasusuwan dai suna ajiye a Addis Ababa, kuma an auna su.

Mata biyu ne suka mayar da hankalin wannan fage daga tafiya zuwa haihuwa. Wenda Trevathan, wadda ta koyi aikin ungozoma kafin ta rubuta littafinta na 1987, da Karen Rosenberg ta Jami'ar Delaware, sun nuna cewa hanyar haihuwar mutum ba miƙaƙƙiya ba ce. Daga sama ta fi faɗi gefe da gefe, daga ƙasa kuma ta fi faɗi gaba da baya. Dole jariri ya murɗa kansa a tsakiyar tafiya, sannan ya sake murɗawa don kafaɗu su wuce, kuma galibi yana fitowa ne fuskarsa na kallon bayan uwa. Biri mace takan miƙa hannu ta jawo ɗanta zuwa ƙirjinta. Mace 'yar Adam kuwa, in ta ja jariri haka, tana iya lanƙwasa masa wuya ta inda bai kamata ba. Daga nan Trevathan ta ce aikin ungozoma ya girmi noma da saƙa da ƙira.

Sai dai bayanin Washburn yana da wani lahani da aka daɗe ba a kula da shi ba: yana sa mutum ya ɗauka cewa wahalar an gama tsara ta tun shekaru miliyoyi, ba abin da za a iya yi. A daidai shekarun da ake goge ƙurar ƙasusuwan Lucy, wani likita a Zariya yana tara hujjar da ke cewa ba haka ba ne.

Kelsey Harrison ɗan Abonnema ne a Jihar Ribas ta yau, an haife shi a 1933. Ya yi karatun likita a Ibadan da Landan, ya fara yin suna da bincike kan ƙarancin jini ga masu ciki, sannan a farkon shekarun 1970 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin farfesan ilimin haihuwa da cututtukan mata. Abin da ya tarar a ɗakin haihuwa ya sa shi yin aikin da ba kowane farfesa ke da haƙurinsa ba, wato ƙidaya. Daga 1976 zuwa 1979, shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibiti, ɗaya bayan ɗaya, har 22,774: shekarun uwa, tsawonta, yawan haihuwarta, ko ta yi makaranta, ko ta zo awo, da yadda aka ƙare. Sai a 1985 aka wallafa sakamakon a mujallar likitocin haihuwa ta Birtaniya, shekara biyu kafin taron Nairobi na 1987 da ya sa mutuwar mata wajen haihuwa a gaban gwamnatocin duniya.

Alƙaluman sun nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya lalace a gida, wasu ma bayan an yi musu yankan gishiri. Gajerun mata da 'yan mata masu cikin fari su ne suka fi gamuwa da cijewar kai. Amma abin da ya fi ban mamaki ya fito ne daga wani ƙaramin sashe na aikin, wanda Harrison ya yi tare da Alan Fleming da Nimi Briggs. Sun bi diddigin 'yan mata masu cikin fari, suka ga waɗanda aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin, kuma waɗanda suka ƙara tsawon sun fi samun haihuwa da kansu. Ke nan ƙashin da ake ɗauka ya riga ya daskare yana nan yana girma, muddin ya samu abin girman. Binciken wasu masana ya ƙara da cewa hanyar haihuwa ba ta gama buɗewa sai 'yan shekaru bayan yarinya ta fara al'ada, ko da a ido ta kai tsawon uwarta.

Harrison ya koma Jami'ar Fatakwal, inda ya shugabance ta daga 1989 zuwa 1992, bai kuma daina nanata cewa karatun 'ya'ya mata ya fi kowane magani rage mutuwar uwaye ba. Ɗinkin ɓarnar ya faɗa hannun wasu. Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan da ya zo Babbar Ruga a Katsina don aikin kuturta, ya ƙare da ɗinke dubban mata masu yoyon fitsari, ya kuma horar da likitocin da suka watsu a Arewa. Lewis Wall, wanda ya fara zuwa ƙasar Hausa a matsayin ɗalibi mai nazarin maganin gargajiya, ya koma ya karanci likitanci, ya jagoranci kafa asibitin yoyon fitsari na Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012.

A wannan shekara ta 2012 ne masanan ƙasusuwa suka fara juyowa da gaske. Holly Dunsworth da abokanta suka ce abin da ke yanke tsawon ciki ƙarfin jikin uwa ne na ciyar da ɗan tayi, ba faɗin ƙugu ba. Jonathan Wells na Landan ya ce matsewar tana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon abinci, domin yarinyar da yunwa ta tsumburar tana iya ɗaukar jaririn da ya fi ƙarfin ƙugunta. A 2015 Anna Warrener ta ɗora maza da mata a kan na'urar tafiya tana auna numfashinsu, ta ga faɗin ƙugu bai ƙara wa kowa wahalar tafiya ba. Gardamar ba ta mutu ba, don akwai masu cewa ƙugu mai faɗi sosai yana raunana naman da ke tallafe mahaifa da mafitsara. Amma da wuya a yau a sami masanin da zai ce ƙashi kaɗai ne mai laifi.

A asibitocin Shinkafi da Zurmi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa, yawancinsu daga ƙauyukan da rikici ya hana noma. Ana zagaya damtsen yaro da ɗan tef mai launi don a san zurfin yunwarsa. 'Yan matan da ake aunawa a can yau, masu shekara biyu da uku, su ne za su yi cikin fari nan da shekara 15 ko 20, da ƙugun da abincin waɗannan shekaru ya gina musu.